Filin da jirgi ke duba wandon Kawu

Ana sallame sallar Asuba muka bar unguwarmu ta Azizya a Madina, ko addu'ar bayan salla ba mu tsaya mun ƙarasa ba, don Kawu ya riga kowa shiga mota. Ya harɗe a gidan gaba, ya ɗora wata baƙar leda a cinya ya dafe ta da hannu biyu. Mu uku ne: ni, da Kawu wanda yake yayan mahaifiyata, da babban ɗansa, wato taubashina. Masu bibiyata kun saba ganin hotunan Uhudu da Ƙuba da Ƙiblatain a wajena, tunda aikina ke nan, kai alhazai ziyara. To wannan karon ku yi haƙuri. Inda muka je ba ya cikin tsarin ziyarar kowa, kuma ni kaina da nake riƙe da sitiyari ban gama yarda akwai shi ba.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu, kada ku ce zafin Madina ne ya taɓa mu. Kawu tela ne. Tun yana yaro ya biyo mahaifinsu ta ƙasa, ta Sudan, suka yi Hajji suka zauna. Ya zama ɗan ƙasa, ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa duka a nan. Yana da ɗan shago a lungunmu, da ƙyar ya ɗauki tabarma biyu, da wani keken ɗinki da ya girme ni nesa ba kusa ba. A shagon nan mu 'yan iƙama, wato baƙi masu takardar zama, muke taruwa bayan La'asar, na Kano da na Damagaram da na Maraɗi, mu sha shayi mu yi Hausa son ranmu. To a 'yan watannin nan Kawu ya fara mantuwa. Ya bar dutsen guga a kunne har ya ƙone rigar wani. Ya ɗinka aljihu a bayan jallabiya. Wata rana ya dawo daga Harami ya wuce lungunsu bai gane ba, sai da wani mai kanti ya rako shi. 'Ya'yansa suka kai shi asibiti. Likita yana tambayarsa yau wace rana ce, me ya ci da safe, sai Kawu ya gyara zama ya ce masa shi fa an yi lokacin da jirgin sama ba ya sauka sai matuƙin ya duba wandonsa. Taubashina ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga ranar suka yanke shawara: ƙarshen wata a rufe shago, a mayar wa mai gida makullinsa, Kawu ya zauna a gida ya huta.

Kawu bai yi musu faɗa ba. Cewa ya yi su kai shi wurin da jirgin yake sauka, in babu filin jirgi a can, shi da hannunsa zai miƙa makulli. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce min ranar da aka rufe shagon nan, to jiran maƙabartar Baƙi'a kawai ya rage masa. Wallahi maganar ta dake ni. Na samu taubashina na zazzage masa abin da ke cikina, ni ina yi da Hausa yana rama min da Larabci, don shi haka yake: yana jin Hausa sarai, har zagi na ciki-ciki yana ganewa, amma bakinsa ba ya juyawa ya mayar da ita. Na ce masa Balaraben bogi, ya ce min baƙauye. A ƙarshe dai ya ba da motarsa mai shiga rairayi, da sharaɗin ni zan tuƙa, kuma in ba a ga komai ba kada in sake buɗe baki a kan maganar shago.

Muka fita ta gabashin gari muka kama hanyar Ƙasim. Lokacin sanyi ne, har sai da na kunna abin ɗumama mota. Gari na wayewa baƙaƙen duwatsun nan suka bayyana hagu da dama, kamar an zubar da gawayi an manta ba a kwashe ba. Hanya kuwa sumul, babu rami ko na magani. Direban da ya koyi tuƙi a hanyoyinmu na gida, in ya hau irin wannan titin ƙafarsa ƙaiƙayi take yi, amma kyamarorin da ke ɗaukar masu gudu suna nan a laɓe, kuma motar ba tawa ba ce. Duk lokacin da allurar gudun mota ta ɗan ɗaga sai in ji gyaran murya daga kujerar baya. A shingen bincike jami'in ya karɓi iƙamata ya juya ta, ya leƙa ya ga dattijo da farin gemu, ya gaishe shi da girmamawa ya ce mu wuce. Bai tambayi inda za mu ba, na kuwa gode wa Allah, don ban san amsar da zan ba shi ba.

A Suwaidira muka tsaya karin kumallo. Wani ɗan Afganistan ne ke gasa tamis, burodin nan mai faɗi, yana zaro shi daga tanderu da ƙugiya yana jefawa a kan tebur. Muka haɗa da ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da shayi mai madara. Abincin hanya a nan bai fi na cikin Madina tsada sosai ba, ruwan gora ne dai suke ɗan ɗora wa kuɗi don sun san ba ka da zaɓi. Man mota kuma, in na tuna yadda ake fama a gida, sai in ji kamar in cika aljihuna da shi. Kawu ya ci da kyau, har ya side kwano da guntun tamis. Ledarsa kuwa ko wajen wanke hannu bai ajiye ta ba. Na tambaye shi ko magungunansa ne a ciki, ya ce in kula da abin da ke gabana.

Daga nan ne ya buɗe labarin, ba tare da an roƙe shi ba. Na sha jin gutsattsarinsa a shago, amma ban taɓa jin sa a jere ba sai ranar. Ya ce yana saurayi, kafin ya yi aure, aka ɗauke shi aiki a sansanin wasu Turawa masu neman ma'adinai a cikin sahara, masu huda dutse su ga ko akwai jan ƙarfe ko zinariya. Shi aikinsa wanki da facin tanti da gyaran kakin ma'aikata. Wurin ba hanyar mota ta kirki, don haka suka share fili suka daddaɓe shi, ƙaramin jirgi yana zuwa da abinci da kayan aiki, ya koma da duwatsun da aka haƙo. A gefen filin akwai dogon ƙarfe da zobe a samansa, an ɗaura masa wani ƙyalle mai kamar mazurari. In iska ta shiga ciki sai ya miƙe ya nuna inda take kaɗawa, da shi matuƙi ke gane ta gefen da zai sauka. To wata guguwa ta zo ta yayyaga ƙyallen, kuma sabon sai dai jirgin ya kawo shi. Ana cikin haka injin huda dutse ya kama hannun wani ma'aikaci, aka kira jirgi ya zo ya ɗauke shi, ga iska tana juyawa ko'ina. Kawu ya shiga tanti ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wandonsa na Sallah, irin namu na da, mai faɗi a sama, matsattse a idon sawu, da aikin zare a baki. Ja ne wur. Ya sa almakashi ya yanke ƙafa ɗaya, ya ɗinke ta a jikin zoben. Jirgi ya zo ya kewaya, ya duba, ya sauka lafiya, aka tafi da mai rauni. Daga ranar duk ƙyallen da aka rataya a wurin Kawu ne ya ɗinka shi, kuma a fasalin ƙafar wando, har da aikin zaren. Matuƙin ya mayar da abin wasa, kullum ya sauko sai ya ce shi ba ya sauka sai ya duba wandon tela.

Na yi dariya har na kusa barin layina. Na leƙa madubi, taubashina bai ko murmusa ba. Kansa na kan waya, yana ja da taswira da yatsu biyu yana neman filin jirgi a inda babu komai sai launin ƙasa.

A Hanakiya muka tsaya a gidan mai muka fara tambaya. Wanda ke zuba mai ya dube mu da tausayi ya ce ai filin jirgi a Madina yake, mun baro shi a baya. Mai shayi ya ce haka. Wani direban tirela ma ya ce mu juya kawai. Sai wani tsohon Badawi, Balaraben daji, da ke sayar da man shanu da busasshen cuku a bayan akori-kura ya ce tabbas yana yaro ya taɓa ganin ƙaramin jirgin Nasara yana bi ta kan tumakinsu, ƙasa-ƙasa, har suna watsewa. Da muka ce ta ina, sai ya ɗaga haɓa ya nuna mana rabin duniya. Na sayi cukunsa don kada mu tafi haka, na jefa ɗaya a baki, na kusa barin haƙori a Hanakiya.

Muka bar babbar hanya muka hau wata ƙaramar kwalta, daga nan kwaltar ta ƙare muka shiga sawun motocin makiyaya. Kawu ya ce alamar wurin wani dutse ne mai kama da raƙumi a durƙushe. Jama'a, duk dutsen da ke yankin nan kama yake da raƙumi a durƙushe. Ya nuna ɗaya, muka nufe shi muna ta girgiza kamar ana tankaɗe, muka kewaye shi kaf, babu komai sai ƙaya da kashin awaki. Ya ce a'a, wancan ne na bayansa. Muka je wancan, nan ma haka. Rana ta ɗago, sanyin safe ya gudu, ƙura ta shiga har cikin kunnena. Can sai Kawu ya juyo ya kira ni da sunan mahaifina, wanda ya rasu tun ina makaranta, ya tambaye ni ko mun shayar da jakuna. Na ce masa e, Kawu, an shayar da su. Ban iya kallon madubi ba.

Muka yi Azahar a inuwar mota. Muna shafawa taubashina ya ce halas, ya isa, a juya gida. Ba da zafi ya faɗa ba, kuma na ga idonsa ya yi ja. A nan na gane ba mugunta ba ce ke sa shi son rufe shagon, tsoro ne. Tsoron ranar da za a kira shi a ce wuta ta tashi, ko a ce an nemi tsoho an rasa. Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shago, mai igiyar shuɗin ƙyalle, ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo. Bai miƙa ba, bai kuma mayar ba.

Ni kuwa taurin kaina ya motsa. Na ce ni ba na tuƙi da yunwa, kuma ba zan ci dambun naman da Gwaggo matar Kawu ta ƙunsa mana a tsakiyar rana kamar ƙadangare ba. Can nesa na hango raƙuma da tankar ruwa da wata 'yar rumfa, na ce a can za mu ci. Taubashina ya ce min wata kalma da Larabci wadda ba zan rubuta ta a nan ba. Na tayar da mota na nufi rumfar.

Makiyayin ya fito ya tarye mu da Larabcin Sudan. Yana jin na ce wa Kawu ya sauko a hankali, sai ya tsaya cak, ya ce da Hausa, ashe 'yan uwa ne. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa ma hanyar Hajji ce ta ajiye su a bakin Nilu, shi kuma neman abinci ya kawo shi kiwon raƙuman wani. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da wasu kalmomi da rabona da jin su tun a bakin kakata. Ya shimfiɗa mana buhu, ya tatso nonon raƙumi mai kumfa a kwano, mu kuma muka buɗe dambu da dabino. Na tambaye shi filin jirgi. Ya yi dariya ya ce shi dai tun zuwansa bai ga jirgi ba sai wanda ke wucewa can sama kamar sauro. Sai Kawu ya ce ba gini ba ne fa, ba bene, ba fitila, fili ne kawai dogo, miƙaƙƙe, an jera masa duwatsu a gefe. Makiyayin ya ajiye kwano. Ya ce in titin nan ne da ba ya zuwa ko'ina, ai ga shi can bayan tudu. Ya ce ya daɗe yana mamakin wanda ya yi titi mai kyau haka, ba daga gari ya taso ba, ba gari ya nufa ba, kuma a kansa yake shanya ciyawar raƙuma don ba rairayi. Ashe mu ne tun safe muke tambayar da ba ta dace ba. Duk wanda muka ce wa filin jirgi, irin na Madina yake hangowa.

Ya shiga motarmu ya nuna hanya. Muna hawa tudun, sai ga shi a shimfiɗe a gabanmu, jan fili miƙaƙƙe sak, har ido ya gaji bai ga ƙarshensa ba. Gefe da gefe duwatsu ne a jere, wasu har yanzu da sauran farar ƙasa a jikinsu. Ƙaya ta tsiro nan da can a tsakiya, ruwan sama ya ci wani gefe, amma ko makaho ya taka ya san hannun mutum ne ya yi wurin. Ga rabi-rabin ganguna sun yi tsatsa sun zama kamar rariya. Ga daɓen siminti inda tantuna suka zauna. A bayan daɓen kuma wasu duwatsu ne dogaye, mulmulallu, zube a ƙasa kamar an yayyanka rake. Kawu ya ɗauki ɗaya ya ce wannan shi ne abin da injin ke zarowa daga cikin ƙasa, shi ake kai wa masana su duba. Dutsen da ke bayan filin kuwa, in kun tambaye ni, bai yi kama da raƙumi ba ko kaɗan. Ya fi kama da tulu.

Na taka motar a hankali muka bi ta tsakiyar filin. Motar da ta wuni tana jijjiga mu ta yi lum, ko kwanon da ke baya bai yi ƙara ba. A can gefe, wajen tsakiya, sai ga ƙarfen a tsaye, ya ɗan karkata, da zobensa a sama. Taubashina ne ya fara fita. Ya je ya dafa ƙarfen, ya ɗaga kai ya kalli zoben, ya daɗe a haka. Ni kuwa na so in yi masa tsiyar da ba zai manta ba, tun safe nake tara ta, amma da na gan shi haka sai na fasa.

Sai Kawu ya kwance baƙar ledar. Ƙafar wando ce, ja wur, sabuwa dal, mai faɗi a sama, matsattsiya a ƙasa, da aikin zare fari da rawaya a baki. Ashe tun ranar da aka yi maganar tafiya yake ɗinkinta a ɓoye. Makiyayin ya kama dariya har da riƙe ciki. Na matso da mota gindin ƙarfen, taubashina ya hau kan rufinta, ya zuba wa zoben man inji ya jijjiga shi har ya fara juyawa, ya sauko da shi. Kawu ya gwada bakin wandon a jikin zobe. Bai kai ba. Ya ja, ya sake ja, saura kusan tafin hannu. Ya ce shi ya san awon nan kamar sunansa, sai dai in zoben ne ya buɗe. Zobe dai bai buɗe ba, awon ne ya kuɓuce masa. Na ga fuskarsa ta sauya, hannunsa ya koma aljihun da makulli yake.

Taubashina ya cire shimaginsa, gyalen nan mai ja da fari da suke yafawa a ka, ya miƙa wa mahaifinsa. Kawu ya dube shi, ya dubi gyalen, ya murza shi da yatsu ya ce yadin ba laifi. Ya zauna a daɓen siminti, ya ciro reza da allura da zare daga cikin hularsa, ya farke ɗinkin gefe, ya yanko ƙyalle mai kusurwa uku daga shimagin ba tare da ya auna ba. Sai aka zo zura zare. Ya lashi bakin zaren ya nufi allura, ya wuce. Ya sake, ya wuce. Ya juya ya fuskanci rana ya sake, hannu na rawa. Na yunƙura zan karɓa, makiyayin ya riƙe min riga. Taubashina ya durƙusa a gaban mahaifinsa, ya karɓi allurar, ya zura, ya ƙulla bakin zaren, ya mayar masa.

Abin da na gani bayan nan ba zan manta da shi ba. Hannun da yake rawa yanzun nan, allura na shiga tsakanin yatsunsa ya nutsu. Ɗinki yake yi ƙanana-ƙanana, a jere, ba ya ko kallo sosai, yana yi yana ba makiyayin labarin wani kuku ɗan Yaman da ya taɓa dafa musu shinkafa da man inji bisa kuskure. Zare ya ƙare, ya miƙa allura gefe ba tare da ya ɗago kai ba, ɗansa ya zura ya mayar. Haka suka yi ta yi har aka rufe bakin wandon a jikin zobe, ya zauna ɗas. Taubashina ya sake hawa mota, kai ba gyale, ya mayar da zoben mazauninsa. Da farko wandon ya rataya kawai, lanƙwam. Muka tsaya muna kallo kamar masu duban wata. Can iska ta taso daga arewa, ta shiga ta baki, ƙafar wando ta cika ta miƙe, aikin zaren yana kaɗawa a ƙarshe. Kawu ya ɗaga hannu ya nuna, ya ce yau da jirgi zai zo, ta wancan gefen zai sauka.

Muka yi La'asar a kan filin, Kawu ya ja mu. Makiyayin ya ce zai riƙa duba wandon, kuma ko ba komai yanzu in ya yi nisa da raƙuma yana da abin da zai hango ya gane rumfarsa. Muka bar masa sauran dambu da dabino, shi kuma ya cika mana gora da nono. Na ba shi cukun Hanakiya ma, na ce ya gwada wa raƙuma.

A hanyar dawowa Kawu ya yi barci tun kafin mu hau kwalta, makulli a hannunsa. Ni da taubashina muka yi maganar da ya kamata mu yi tun tuni, ba zagi, ba baƙauye, ba Balaraben bogi. Ya ce ganin fili bai warkar da mantuwa ba, na ce na sani, ai ni aka tambaya ko an shayar da jakuna. Muka tsaya a kan cewa shago ba za a rufe shi ba. Dutsen guga zai koma gidana, guga ta zama tawa. In Kawu zai je Harami, ɗaya daga cikin 'yan shayin La'asar zai bi shi, mu da muke da yawa kamar fara. Shi kuma taubashina, kafin ya wuce aiki kowace safiya, zai biya ta shago ya zura zare a allurai ya soke su a jikin matashi, fari da baƙi da ruwan ƙasa, ya zura na keke ma. Muka shigo Madina an idar da Magariba, hasken Harami yana tashi a gabanmu. Gwaggo ta tarye mu a ƙofa, ta ga ɗanta ba shimagi, ta ga mijinta da makulli, ba ta tambayi komai ba ta ce mu wanke hannu.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne, amma ya zauna min. Na ga yadda ake share wuri a yi aiki a kai, in an gama a kwashe kaya a tafi, wurin kuma yana nan da ƙwarinsa, ba wanda ya sake waiwayarsa. Saura kaɗan mu yi wa Kawu haka, kuma da kyakkyawar niyya. Tsoho in ya fara mantuwa, sai mu daina yarda da duk abin da ya faɗa, har da wanda ya fi mu sani. Kuma sau da yawa abin da ya gagare shi ƙarami ne, bai wuce a zura masa zare ba, sauran aikin yana hannunsa.

Washegari bayan La'asar shago ya cika, don labari ya riga mu isowa. Kawu yana kan keke yana facin wata jallabiya, allurai a jere a jikin matashi, yana ba 'yan Damagaram labarin jirgi da wando tun daga farko. Bai ce jiya mun je ba. Na lura tafiyar ta riga ta zame masa, tsohon labarin ne kawai ya rage. Ana cikin haka taubashina ya leƙo daga wajen aiki. Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai ba ka yarda ba, na sani. Da za ka ga wurin da idonka, da ka daina yi min kallon mai ruɗewa."

Na zuba wa taubashina ido, ina jiran Larabci. Sai ya cire takalmi ya shigo, ya tsuguna kusa da keken, ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya da Hausarsa mai ɗingishi.

"Na gani, Baba. Ni na rataya wandon."

Kawu ya tsayar da keke ya dube shi, ya ce to madalla, in dai ya ɗaure shi da kyau. Ya miƙa hannu ya zaro allura mai farin zare daga jikin matashi, ya ci gaba da aikinsa.